Fitilar Filin Jirgi

Magariba ta kawo jiki, Iya Fanta na tankaɗe a tsakar gida, sai dutse ya faɗo cikin ƙwaryar gari. Ta ɗaga kai. Babu kowa a kan katanga. Wani ya sake faɗowa, ja wur, irin marmarar da babu ita a duk Tarai sai a tsohon filin jirgin soja da ke bayan gonaki.

Ta san filin. Turawa suka share shi lokacin yaƙinsu, sojojinmu suka gada, su ma suka kwashe nasu ya nasu. Aka bar doguwar jar hanya, da ɗakin waya marar rufi, da tankin mai da tsatsa ta cinye, da sandar da ake ɗaura ƙyallen gane iska. Mijinta Uzairu ne mai gadi. Ko da jirgi ya daina sauka, bai fasa kunna fitilar ƙwai a bakin hanyar duk yamma ba, har ya rasu. Da ta fita takaba ta je ta ɗauko fitilar. Kayan mijinta ne, wa za ta tambaya?

Tun ranar da ta ɗauko ta, jifa bai tsaya ba. Sai kuma autarta Bushra, wadda ita kaɗai ta rage mata a gida, ta fara tsayawa a ƙofa da faɗuwar rana, ido a sama, hannuwa a ware, tana gurnani ƙasa-ƙasa kamar injin da ke tahowa daga nesa. Ta daina cin abinci. Maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Iya Fanta, da ba ta taɓa roƙon gishiri a gidan kowa ba, ta yafa mayafi ta nufi Kibiya, ta ɗauko Malam Sharfaddeen mai ruƙiyya.

Malam ya daɗe yana karatu. Can Bushra ta ɗago, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta.

"Ina fitilar?"

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Na riga Turawa zama a wurin. Suka sare kukar da nake ciki, na haƙura, tunda sun kawo mutane. Kowa ya tafi, saura Uzairu. Yakan kunna, ya yi sallama, ya zauna. Yanzu ko akuya ba ta bi."

"Ka ji tsoron Allah, ka fita."

"A mayar da fitila. Yarinyar nan ta riƙa zuwa tana kunnawa."

"Albarka," in ji Iya Fanta, kamar a kasuwar Rano.

Malam ya waiga. "Iya, ba a ciniki da su."

"Malam, 'yata ce a kan faifai, ba taka ba." Ta gyara zama. "Fitila ka samu. Yarinya kuwa, ko inuwarta ba za ka gani ba."

"Fitila ba ta kunna kanta."

"To ni zan zo. Ba don kai ba, don mai ita. Ba kaza, ba turare, kar ma ka sa rai. Ranar da ƙafa ta hana ni, ka haƙura."

Muryar ta dawo a hankali.

"Za ki yi sallama?"

"Zan yi," in ji Iya Fanta.

Bushra ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗi jikin uwarta, ta ce yunwa take ji.

Da yarinyar ta murmure ta koma makarantar kwana. Iya Fanta kuwa, duk yamma takan ratsa gonaki da 'yar kwalbar kananzir, ta kunna fitila, ta yi sallama, ta zauna a kan dutsen da Uzairu ya saba zama har hanyar ta ɓace cikin duhu. Ba a taɓa amsa mata ba.

Bayan damina Malam ya gamu da ita a hanya.

"Iya, ai ya tafi. Babu abin da ya wajaba a kanki."

"Na sani," ta ce, ba ta tsaya ba. "A gida wa zan yi wa sallama?"