Rigar Kwat ɗin Baba

"Auta, har yanzu ba ki ga rigar kwat ɗin nan ba?"

"Ban gani ba, Baba."

Karo na uku ke nan ina shara masa ƙarya tun safe. Ni da hannuna na ɗauke ta shekaranjiya, na kai wa mai gwanjon bakin titinmu, na ce ya riƙe kyauta. Ruwan ƙasa ce, kwalarta faɗi kamar kunnen giwa, ta girme ni nesa ba kusa ba. Baba kuwa ba ya tarbar baƙon kirki sai da ita. Ga shi yau Tela, saurayina, zai zo gaishe shi karon farko, mutumin da 'yan gayu ke layi a shagonsa. Ina zan kai fuskata?

Baba ya haƙura ya saka wata rigar, ya zauna a falo kamar baƙo a gidansa.

Da yamma Tela ya yi sallama, da leda a hannu. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, ga 'yar tsaraba. A bakin titinku na gan ta rataye, na kasa wucewa."

Ya zaro ta. Rigar kwat ɗin Baba ce!

"Duba nan, Baba," ya juya cikinta waje, bakinsa har kunne. "Wannan ba aikin keke ba ne, ɗinkin hannu ne. Ramin maɓallin ma da allura aka bi shi. Masu wannan aikin sun ƙare, mu yanzu sauri kawai muka iya. Wallahi wanda ya rabu da rigar nan bai san darajar kaya ba!"

Baba ya dube ni sau ɗaya tak, ya kau da kai.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Na taɓa yin irinta."

Asirina ya rufa. Da ma marina ya yi, da ya fi min sauƙi. Kunya ta lulluɓe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In na yi shiru maganar ta mutu ke nan, in na buɗe baki ƙila in rasa Tela.

"Rabin raina, lafiya?" Tela ya tambaya ƙasa-ƙasa.

Na zube a gaban Baba, amma Tela na ba amsa.

"Tasa ce... Ni na kai ta gwanjo. Tsoro na ji kar ka gan shi da ita ka raina mu."

"Ni?" muryar Tela ta canza. "Haka kika ɗauke ni?"

Na kasa ɗaga kai.

"Mamanki ce ta ɗinka," in ji Baba a hankali. "Wata biyu tana yi, lokacin ba mu da keke. Kina da shekara huɗu ta rasu, ni kuma na kasa ba ki labari. Har da laifina."

Kuka ya ƙwace min. Ban taɓa tambaya ba, ko sau ɗaya, dariya kawai na iya yi wa rigar.

Baba ya miƙe ya zura ta. Ya ja, ya ja, maɓallin ya ƙi shiga, dama ya daɗe yana saka ta a buɗe. Tela ya matso ya laluba ɗinkin gefe.

"Baba, ta bar yadi yatsa uku a ciki. Ta san za ka tsufa a cikinta."

Baba ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa.

Tela ya ciro allura daga aljihunsa, ya miƙo min. Har lokacin bai yi murmushi ba.

"Ke za ki buɗe ɗinkin ki ƙara mata faɗi."

"Ban iya ba..."

"Na sani. Kullum zan zo in koya miki, har ki gama."

Baba ya cire rigar ya ɗora min a cinya.

"Ki bi a hankali, Auta. Hannun uwarki ne."