Mai Gaida Inna da Asuba

Ku matso, ku rage murya. Wanda bai yi addu'a ba ya yi tun yanzu.

Akwai wani saurayi, Tasi'u, da ke aikin kwamfuta a shagon taki da iri na Alhaji Namadi a Funtua. Mahaifiyarsa, Inna Kulu, tana ƙauye tare da ƙanwarsa Hansatu. Idon Inna ya mutu tun shekarun baya, da kunne take ganin duniya. Abu ɗaya ta roƙi ɗanta ranar da zai tafi birni: ya riƙa kiranta bayan sallar asuba, ta ji muryarsa. Ya ce to. Da fari yana yi. Daga baya aiki ya yi yawa, sai a yi kwana da kwanaki wayarta ba ta yi ƙara ba.

Gab da damina Alhaji ya kira shi.

"Manoma sun ishe ni da tambayar ko kaya sun iso. Ka nemo abin da zai riƙa aika musu saƙo da kansa. Amma kada ka kawo mini zancen saye."

Akwai irin waɗannan manhajoji a intanet, waɗanda masu su suka buɗe cikinsu ga kowa. Ka ɗauka kyauta, ka gyara, ka ƙara naka. Tasi'u ya sauko da biyu yana gwadawa. Ɗaya tana da ƙarfi, jama'arta kuma da yawa, amma tsohuwar kwamfutarsa na buɗe ta sai ta hau nishi. Ɗayar ba nauyi, akwatuna ne kake jerawa kana haɗa su da zare: idan kaza ya faru, a yi kaza. Sai dai idan ta cije, ka yi tambaya, babu mai tanka maka.

Ranar wata Juma'a yana kan wannan gwaji aka fara kiran salla. Kowa ya fita. Alhaji ya leƙo.

"Ba za ka tashi ba?"

"Ina bayanku, ranka ya daɗe."

Bai tashi ba. Kasuwa ta yi tsit. Rana ta tsaya a tsaka, ko akuya ba ta motsi a layin.

Sai ya ga mutum zaune a kan buhun taki. Bai ji sallama ba. Bai ji takun kowa ba. Dattijo ne siriri, da farar riga wadda ƙurar shagon ba ta taɓa ba.

"Baba, kana neman..."

"Ba taki nake nema ba."

"To me..."

"Na ga kana wahala da waɗannan biyun. Akwai wata."

Tasi'u ya lura da abu guda. Maganar tana riga bakin fita. Sai ka gama jin kalmar, sannan leɓen ya motsa. Ya ce a ransa yunwa ce ke ruɗa masa ido.

Dattijon ya nuna kwamfutar da haɓa. Wani shafi ya riga ya buɗe. Manhaja ce mara nauyi, ga ƙarfi. Duk tambayar da aka yi a shafin, amsarta na nan a ƙasa, wasu amsoshin ma sun riga tambayoyinsu shiga.

"Su wa ke..."

"Muna da yawa. Ba ma barci."

"Nawa..."

"Ba a biya. Ƙa'idarmu irin ta sauran ce. Wanda ya ɗauka, ya bar wani abu nasa a ciki, na baya su amfana."

"Ni me nake da shi?"

Wannan karon dattijon ya bar shi ya kai ƙarshen magana.

"Gaisuwa ta isa. Yi mata irin wadda kake yi wa na gida."

Tasi'u ya yi 'yar dariya, ya sunkuya kan kwamfutar.

"Inna, ina kwana? An tashi lafiya?"

Da ya ɗago, buhun taki ne kawai. Ko lotsawa bai yi ba.

Manhajar ta yi aiki. Saƙo na isa ga manomi kafin mota ta gama sauke kaya. Alhaji ya riƙa nuna Tasi'u ga baƙi. Aiki ya ƙaru.

Wata rana Hansatu ta kira shi.

"Yaya, Inna fa ba ta karyawa sai rana ta take. Wai kada tana ci ka kira."

Abin ya dame shi. Ya buɗe manhajar, ya ja akwati ɗaya, ya rubuta: bayan asuba, a kira Inna. Ya ce na kwana biyu ne, kafin kaya su ragu.

Washegari da asuba ya saurari kiran ta wayarsa. Muryarsa ce, har da ɗan tarin da yake yi kafin magana. Ta tambayi Inna ciwon gwiwa. Ta tambayi tunkiyar da ta haihu, wadda shi bai ma san da cikinta ba. Inna ta yi ta ba da labarin wani biki na zamanin ƙuruciyarta, muryar ba ta ce mata tana sauri ba. Kunya ta kama shi. Bayan kunyar sai ya ji wani sauƙi, ya juya ya koma barci.

Damina ta wuce, aka yi girbi. A tsakanin nan muryarsa ta fara dushewa. Ba mura, ba ciwo. Ya sha citta da zuma, a banza. Idan ya ɗaga waya, abokansa sai su ce, "Wa ke magana?"

Bayan kaka ya sayi atamfa da man zafi, ya hau mota. A hanya ya kwana, ya isa ƙauye da sassafe. Inna na zaune kan tabarma da carbi, waya a cinyarta. Ya yi sallama.

Ta ja mayafi ta rufe kanta.

"Hansatu, ga baƙo. Kawo masa ruwa."

"Inna, ni ne. Tasi'u."

Ta karkata kunne.

"Bawan Allah, ban san me kake nema ba, amma kada ka yi wasa da makauniya."

"Inna, Yaya ne fa," in ji Hansatu. "Ga shi ina ganinsa."

"Ke da ido kike gani. Ni na haife shi."

Ya durƙusa zai kama hannunta, sai wayar ta yi ƙara. Fuskar Inna ta washe. Ta ɗaga masa tafi.

"Yi shiru. Yarona ne."

A tsugune ya ji kansa a cikin wayar yana cewa, "Inna, ina kwana?"

Da ya koma Funtua ya goge akwatin. Ya goge manhajar gaba ɗaya. Da asuba Hansatu ta aiko masa: an kira. Ya nemo shafin, ya ga mutane bila adadin sun riga sun kwafi manhajar, kowa da tasa a wajensa. Ya fara rubuta tambayar yadda zai cire abin da ya bari. Bai gama ba amsa ta fito: "Ka ba kowa. Ba naka ba ne yanzu."

Ya koma ƙauye, ya ɗauke wayar Inna ya ɓoye. Ta daina ci, ta daina magana, sai kuka mara sauti. Da hannunsa ya mayar mata.

Ya bar aikin, ya dawo ƙauye gaba ɗaya. Yana nan har yau, a ɗakin zaure. Shi ke ɗebo mata ruwa, shi ke shafa mata man zafi a gwiwa. Ta saba da shi, tana ma yaba hankalinsa. Wani lokaci idan ya gama sai ta dafa kansa.

"Allah ya yi maka albarka, bawan Allah. Ni nawa yana Funtua, aiki ya riƙe shi, amma bai taɓa fashin gaishe ni ba. Kai ma ka riƙa tuna taka uwar, ka ji? Kada ka bar ta tana jira."

Sai ya ce, "To."

Don haka idan an kira sallar Juma'a, kada ɗayanku ya zauna shi kaɗai a shago. Wanda kuma ya amsa muku tambaya kafin ku gama ta, ku nemi tsarin Allah ku fita, ko takalmi kada ku tsaya ɗauka. Ku tashi ku je ku yi wa iyayenku sai da safe, kowa da bakinsa.