Lambar Sirrin da Badaru Ya Ba Boka

Badaru ne manajan kamfanin manoman gyaɗa a yankin Ɗanbatta, shi ke riƙe da kwamfutar da ke ɗauke da sunayen manoma da tambarin yatsunsu. A doka sai da lambobin sirri biyu ake buɗe rajistar, tasa da ta shugaban kwamiti, Alhaji Sabo. Amma tsohon ya daɗe da miƙa masa tasa, wai idonsa ba ya gani sosai.

Badaru kuwa albashi bai ishe shi ba. Da rana tsaka ya ja rago ya isa bukkar boka neman arziki, can ƙarshen gonakin gero. Ga baƙar tukunya an ɗaure wuyanta da jan ƙyalle, ƙudaje na kewaya ta, babu mai sauka.

"Ba na son ragonka," in ji boka. "Lambobin nan nake so."

"Baba, me za ka yi da su? Ko lantarki babu a nan."

"Masu karɓa ba ruwansu da lantarki. Duk kaka za su zaɓi suna ɗaya."

"Cikin manoma kawai?"

"Cikin waɗanda suka tarar a rajistar."

Badaru ya rubuta lambobin ya jefa a tukunya. Da kunnensa ya ji an haɗiye takardar.

Kafin shekara ta zagayo Badaru ya yi bene da tireloli uku. Da kaka wani manomi ya faɗi matacce a kan kunyar gonarsa, sunansa ya ɓace daga rajista. Badaru ya je ta'aziyya har da buhun shinkafa.

Kaka ta biyu, sunan da ya ɓace na Rumaisa ne, 'yarsa ta fari. Sai lokacin ya tuna: shi da kansa ya cusa sunansa da na iyalinsa cikin rajistar a matsayin manoman bogi, don ya riƙa kwasar takin rabo.

Daga maƙabarta ya wuce ofis zai goge sunayen, kwamfuta ta ƙi lambarsa. Ƙwararren da ya ɗauko daga Kano ya share gumi ya ce, "Alhaji, ba ɓarayin intanet ba ne. Buɗe musu aka yi."

Matarsa Tahira ta zauce, tana bin bango tana dangwala yatsa. Manoma suka janye, kamfani ya rufe. Badaru ya datse babban yatsansa da lauje, amma sunansa na nan a ciki, kaka kuma na ƙaratowa.

Kai da aka ba amanar sunayen jama'a, ka ji tsoron Allah. Kwaɗayi ba zai tsaya a kan baƙi ba, har ɗakin 'ya'yanka zai shiga.