Sandar da Magini Ya Yi wa Inna

A wani zamani can baya, akwai wani gari a gindin dutse inda ƙasa kan yi girgiza jefi-jefi. Saboda haka idan maginan garin suka jera tubali sahu uku, sai su shimfiɗa sandunan gora, su ɗaure da igiyar rama, don bango ya yi tangaɗi ba tare da ya faɗi ba. Wanda ya sare gora ɗaya kuwa, sai ya dasa biyu.

Ana nan, wani magini gwanin ado ya tashi gina wa mahaifiyarsa ɗaki. Ya ga bakin gora na leƙowa yana ɓata masa zane, sai ya watsar da ita bayan gida.

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, sa gora."

Ya ce, "Haba Inna, rabon ƙasa da motsi tun ina goye."

Bango ya kai ƙirji, ta sake cewa, "Ɗan nan, sa gora." Ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa.

Aka gama ɗaki, Inna ta tare. Ran nan da hantsi ƙasa ta girgiza. Ɗakunan maƙwabta suka yi tangaɗi suka tsaya, na Inna ya rufta da ita a ciki. Da hannuwansa ya tono ta. Tana da rai, amma ƙafarta ba ta ƙara miƙewa ba.

Ba ta taɓa yi masa gori ba. Ya zagaya bayan gida, ya zaɓo ɗaya cikin gorar da ya watsar, ya gyara mata sandar dogarawa.

Tun daga ranar, kullum da safe in yana shan kunu ya ji ƙwas, ƙwas ɗin sandar Inna a tsakar gida, sai ya ajiye ludayi, kunun ya fita ransa.