Furen da Ya Maƙale a Mangala

Da hantsi Bubayaro ya faɗo ofishin 'yan doka na Potiskum, ko takalmi babu. Gobe sunan ɗansa na fari, ɗan da ya daɗe yana roƙon Allah, ga shi an kwance ragon suna. Sufeto Idrisu ya ji tausayinsa ƙwarai, ya ɗauki hularsa suka nufi unguwar Yindiski tare da wani ɗan doka.

A bakin turke Sufeto ya tsuguna. Ruwan jiya ya jiƙa ƙasa, ga sawun jaki raɗau, sawun rago kuwa babu. Wato ɗora shi aka yi a kan jaki.

Masu jaki a unguwar biyu ne. Na Modu gurgu ne, ko tulu ba ya ɗauka. Saura Kaumi mai itace, mutumin da bakinsa ya fi gatarinsa kaifi. Suka same shi yana sauke kaya.

"Ina ka yi itace yau?"

"Fadama, ranka ya daɗe. Ko hanyar daji ban kalla ba."

Sufeto ya matsa kusa da jakin. Idonsa na kan mangala, inda wani fure ya maƙale, ja da rawaya, kunnuwansa sun lanƙwashe baya kamar harshen wuta. Ya tambayi Kaumi sunan furen. Gogan naka ya ce ai albasar kwaɗi ce, fadama cike take da ita.

Sufeto ya yi dariya har da riƙe ciki. Albasar kwaɗi fara ce, a taɓo take zama, ba ta hawa komai. Wannan kuwa, kowane ganye bakinsa ya nannaɗe kamar ƙugiya, da shi yake kama reshe ya hau, da shi kuma ya kama mangala.

"Gatarin kurege ke nan, Kaumi. Cikin sarƙaƙƙiya yake fitowa, kuma duk kusa da nan ban san inda yake ba sai kurmin hanyar Fika."

Sai dariyar ta ɗauke. Ya tuna tsiron guba ne, dabba ta ci sai dai a ja gawa, ga shi da alama can aka ɓoye ragon. Ya tasa ƙeyar Kaumi, Bubayaro na biye yana salati.

Suka ratsa gonakin gero, suka shiga kurmi, Sufeto na bin jan fure daga wannan sarƙaƙƙiya zuwa waccan. Can sai kukan rago. Ga shi ɗaure a gindin tsamiya, yana miƙa wuya wajen furen, igiya ta hana shi kaiwa. Igiyar kuwa dabaibayin jakin Kaumi ce, da ƙullinta irin na masu itace.

Kaumi ya zube ƙasa. Ya ce sharrin shaiɗan ne, ranar kasuwa yake jira ya kai wa mahautan Fika. Sufeto ya ce to, shi da shaiɗan ɗin sai su yi wa alƙali bayani. Aka buga masa ankwa, ɗan dokan ya yi gaba da shi.

Bubayaro ya rungume ragon, yana dariya hawaye na zuba. Da ya sami bakin magana ya ce, "Ranka ya daɗe, gobe ka sammako. Ina so kunnenka ya ji lokacin da liman zai ce sunan yaro Idrisu."