Sunan da ke kan allon makaranta

"Ki tashi mu je wurin shugaban makaranta," in ji Yauba. "Yanzu, ba gobe ba."

Na ce masa ba inda za ni. Muna zaune a gindin mangwaron bayan ajinmu, saura sati biyar a fara jarabawar bak, wadda daga ita sai jami'a. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, mutumin da ko makara ya yi aka ba shi adda ya sare ciyawa, da waƙa yake yi.

Laifina ne, sai ranar na gaya masa gaskiya. Shekara uku yana kirana Mairamu, yana cika bayan littattafansa da sunan, alhali ba nawa ba ne.

A ruga aka haife ni, ba wanda ya yi mini takardar haihuwa. Da babana ya rasu, ɗan'uwansa Bappa Hamajam ya ɗauko mu ni da mahaifiyata Dada ya kawo mu gari. Lokacin jarabawar gama firamare aka ce ba takarda ba zama, sai ya buɗe akwati ya miƙo ta 'yarsa Mairamu, wadda ta yi wa boko tawaye tun aji biyu. A garinmu haka ake yi, ba mai ɗaukar abin a bakin komai.

Makarantar nan tamu ta girmi Dada. Ɗaliban farko ne suka yi dakon duwatsun gininta a ka, su suka dasa mangwarorin, kuma har yau ƙarfen tayar motar da suka rataye shi ne ƙararrawarmu. A zauren taro akwai allon katako da ake rubuta sunan wanda ya fi kowa duk shekara. Layi arba'in da wani abu, mata huɗu kacal. Bara aka rubuta ta biyar: Mairamu Hamajam. Bappa ya sa babbar rigarsa ya zo, sai da na nuna masa layin da yatsa, ya yi ta shafa shi yana dariya.

To bana aka ce kowa ya zo da katin ɗan ƙasa kafin ya zauna jarabawa. Na je ofishin, ma'aikacin ya buga sunan, ya juyo mini da na'urar. Ga suna, ga ranar haihuwa, ga fuskar Mairamu tana kallona. Ashe da za ta bi mijinta Gabon ta yi kati, ta manta sam akwai mai yawo da takardarta. Mutumin ya rage murya ya ce in tafi gida, shi bai gan ni ba, don in magana ta tashi wanda ya ba da takardar za a ɗaure.

"Shekara bakwai fa kika yi a makarantar nan," Yauba ya ce. "Ke kika koya mini lissafi. Ni daƙiƙin in shiga, ke ki zauna?"

"Bappa ya kusa saba'in, Yauba."

"Ni kuma fa? Jami'ar Ngawundare da muka ce tare za mu je?"

"Ka je... ka riƙa ba ni labari."

"Haba hasken idona, labari?"

Ya kawo dabara ta kai goma, kowacce in ka bi ta, ƙarshenta Bappa ne a gaban alƙali. Ko sabuwar takarda aka yi mini, duk sakamakona na baya na Mairamu ne, sai dai in koma aji ɗaya da ƙannena. Da ƙararrawa ta buga ya shiga aji, ni na bi ta ƙofar baya, ban ƙara komawa ba.

A gida Dada kaɗai ta sani, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Bappa kuwa cewa na yi karatun ne ya ishe ni, don na san halinsa, in ya ji gaskiya da ƙafarsa zai kai kansa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce na ba shi kunya. Tun daga ranar in na gaishe shi, da ka yake amsawa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ranar da aka karanta sakamako a lasifika, ina bayan wayar shingen makaranta da tiren makala, fanken da Dada ke toyawa. Na ji sunan Yauba, na yi guɗa ni kaɗai. Wata malama ta wuce da 'yan aji ɗaya, na ji tana ce musu su dage su zama kamar Mairamu ta kan allo. Biyu daga cikinsu suka tsaya suka sayi makala a hannuna.

Da safen da zai tafi na raka shi tasha. Ya yi ta rantsuwa zai dawo, ya kawo kaya gidanmu, ni dai ina murmushi, don na ga 'yan matan ajinmu uku a motar, kowacce da jakar littattafai. Har ya taka zai shiga ya dawo.

"Ban ma tambaye ki ba. Mene ne sunanki?"

"Julde."

"Julde," ya maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana abincin baƙi.

Mota ta tashi, ta kai kwanar makaranta, sai ga kansa ta taga yana ɗaga hannu.

"Mairamu!"

Na ga ya kama baki. Na ɗaga hannu na amsa, don da wannan sunan ya so ni, kuma na san ba wanda zai ƙara kirana da shi.