Baiti Uku da Suka Rage a Bakin Coy

Nadine na zaune a baranda da kwanon ɗanyen wake a cinya tana karyawa, ƙas-ƙas-ƙas, rediyon kicin na ta surutu ta taga. Sai mai gabatarwa ya ce, "Yau sau huɗu ke nan ana roƙo na in sa wannan. Wani direban tirela daga Pikeville har kuka ya yi min a waya. Ga Coy Ledford!"

Jita ta fara kenan sai ji kake tau! An kashe. Dadinta, Orville Sizemore, ya turo ƙofar raga ya fito yana tarin nan nasa na shekara talatin a ramin kwal.

"Na ce kar in ƙara jin yaron nan a gidana."

"Dadi, rediyo ne fa, ba ni na kira shi ba."

"To rediyon ma ya shiga taitayinsa!"

Bari in faɗa muku tushen rigimar. Coy saurayin Nadine ne, shekara uku suna tare, har Dadi ya taɓa ba shi aron mota, abin da ko ƙanin Dadin bai samu ba. Faifan waƙoƙin da Coy ya fitar a watan Maris kuwa ba a situdiyo aka yi shi ba. A barandar nan aka ɗauka, bazarar da ta wuce, da makirfo ɗaya tal. Shi ya sa mutane suka haukace a kansa. Kana sauraro za ka ji ƙiii ɗin ƙofar raga, ka ji kare ya yi haushi can ƙasan kwari, ka ji Coy ya yi kuskure ya yi dariya ya ci gaba. Duk ɗan yankin tsaunukan nan da aiki ya kai Ohio ko Detroit, in ya kunna sai ya ji kamar an mai da shi gidan kakarsa.

Amma waƙar ƙarshe ita ce matsalar. A cikinta jitar na yin shiru, sai wata murya ta taso daga gefe, tsohuwa na karya wake tana rera baiti ɗaya na wata waƙar ibada. Imogene ce, mahaifiyar Nadine. Ta rasu a watan Oktoba, wata biyar kafin faifan ya fito.

Ranar da Coy ya saka rigar coci ya zo neman aure, Dadi ko kujera bai nuna masa ba.

"Ka ɗauki matata ka kai ta kasuwa," in ji shi. "Kowane ɗan giya a mashaya na jin muryarta. Yanzu kuma 'yata kake so? Ita a wane faifan za ka sa ta?"

"Mista Sizemore, ita da bakinta ta ce kar in kashe na'urar—"

"Tana ina da za ta ba da shaida? Sauka min daga baranda."

Tun daga ranar gida ya rikice. Anti Verna, yayar Dadi, wadda bakinta ya fi reza, kullum sai ta ƙara wa wutar fetur. "Ni dai na faɗa tun farko! Namiji mai jita? Yau yana nan, gobe yana Nashville, birnin mawaƙa, da wata mai jan gashi. Nadine, ga ɗan limamin cocinmu nan, yana da shagon taya, haƙoransa ma duk a cike suke."

"Anti, ke ki aure shi mana tunda kin ƙirga haƙoran."

"Kin ji ta ko, Orville? Ka ji tarbiyyar mawaƙa!"

Nadine takan yi kukanta a bayan rumbun taba, ta share fuska, ta dawo ta soya wa Dadi kaza kamar ba komai. Wata Asabar da rana suka haɗu da Coy a bakin shagon sayar da abincin dabbobi. Duk ya rame, gemu ya yi masa buzu-buzu.

"Dine, mu je kotu kawai a ɗaura mana aure. Minti goma an gama, alƙali ba ruwansa da faifai."

"A'a."

"To in cire waƙar. Zan kira su yau a sauke ta daga ko'ina, na rantse."

"Nan ma a'a. Ina wurin lokacin da Mama ta ce ka bar ta. Kana cirewa ka mai da ita maƙaryaciya, ka mai da kanka ɓarawo." Ta gyara masa wuyan riga. "Ba zan shiga gidanka ta bayan gidan ubana ba, Coy. Na san Dadi kamar yunwar cikina. Ba kai yake fushi da shi ba, mutuwa yake fushi da ita, ita kuma ba ta da baranda balle ya kore ta. Ka jira. Kuma don Allah ka aske gemun nan, ka zama kamar bunsuru."

Ya yi dariya idonsa na kawo ruwa. Ya ce zai jira.

Lahadi ta farko a watan Yuni ita ce ranar gyaran maƙabartar dangin Sizemore, can saman tudu. Dangi sun zo har daga Indiana. An yanke ciyawa, an wanke duwatsun kaburbura, an jera furanni. Ga tebura a ƙarƙashin itatuwa, soyayyiyar kaza, burodin masara, wake, shayi mai ƙanƙara, duk an rufe da kyalle. Ba mai taɓa ko cokali sai an yi waƙa, haka aka gada. Kuma shekara talatin da ɗoriya Imogene ce ke ɗaga waƙar, wata da ta koya a bakin mahaifiyarta, wadda babu ita a kowane littafin coci. Ita ke jan baiti, jama'a su amsa.

Wannan ce shekarar farko da babu ita.

Aka zagaye sabon kabarin. Dadi ya cire hula, ya gyara murya, ya buɗe baki. Ya ja kalma uku sai sautin ya kuɓuce masa. Ya sake, ya sake kuɓucewa. Anti Verna ta ce, "Matsa ka gani," ta ɗaga da ƙarfinta, kafin ta kai ƙarshen layi ta zarce cikin wata waƙar bikin Kirsimeti. Wani ya yi tari don ɓoye dariya. Mutum kusan sittin, kowa ya saba amsawa, ba wanda ya taɓa riƙe jan.

Dadi ya riƙe hular a ƙirji. Ya juyo. "Nadine... ke fa?"

Za ta iya rerawa ba tare da ta faɗi inda ta koya ba, a wuce wurin. Amma ta ɗaga kai.

"Na iya baiti ɗaya, Dadi. Kuma ba a bakin Mama na koya ba. Da tana raye ban taɓa zama na saurara ba, gani nake kullum tana nan. A faifan Coy na koya." Hawaye suka zubo mata. "Baiti huɗu ne. Shi kaɗai ya zauna a gabanta sati guda har ya haddace. Sauran ukun ta ce kar ya sa su a faifai, na maƙabarta ne, kuma bai sa ba."

Dadi ya kafe ta da ido. "Bai sa ba?"

"Bai sa ba."

"Yana ina?"

Ta nuna da haɓa. Can bayan shingen waya, Coy na tsaye da manjagara a hannu, rigarsa sharkaf da gumi. Tun safe shi ya share hanyar hawa tudun don tsofaffi su samu wucewa, bai kuma taka cikin shingen ba tunda ba a gayyace shi ba. Gemun kuwa an aske tas.

Dadi ya taka da kansa har bakin ƙofar shingen, yana tsayawa yana tari.

"Ina jitar?"

"Tana mota, yallaɓai. Misis Sizemore ta ce ba a kaɗa wa wannan komai."

Sai tsohon ya zare sakatar.

"Shigo ka ɗaga mana."

Coy ya tsaya a gefen kabarin, ya rufe ido ya ja baitin farko. Jama'a suka amsa, tudun ya ɗauka. Ya ja na biyu. A na uku Dadi ya durƙusa ya dafa dutsen yana kuka kamar ƙaramin yaro, kukan da bai yi ba ko ranar jana'iza. Anti Verna kuwa ta fi kowa ɗaga murya, majina shaɓe-shaɓe.

Da aka buɗe abinci, ita ce ta fara tula wa Coy cinyar kaza biyu. "Ci, ka rame kamar sandar tsintsiya. Ni dama tun farko na ce yaron nan yana da hankali."

"Anti!" in ji Nadine.

"Me? Ƙarya na yi?"

Dadi ya zo ya zauna kusa da Coy, bai kalle shi ba, yana ta gutsurar burodin masara.

"Motata kaset kawai take ci," ya ce. "Za ka iya sa min abin nan naka a kaset?"

"Gobe-goben nan, yallaɓai."

"Duka faifan, ba ta ƙarshen kaɗai ba. An ce har karena ya fito a ciki." Ya kurɓi shayi. "Satumba ya yi muku? Kafin sanyi ya shigo. A baranda za a ɗaura auren, kuma ka zo da jitar."

Nadine ta rufe fuska da kyallen tebur, ba ka sanin dariya take ko kuka.

To kun gani dai. Da ta bi shi kotu, da ta samu miji ta rasa uba. Da ya cire waƙar don tsoro, ko ya zuba baiti huɗun duka don neman suna, da har yau yana bayan shinge. Ita ta yi haƙuri, shi ya riƙe amanar wadda ba ta nan balle ta bincike shi. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Ku kuma masu tsofaffi a gida, in sun fara rera wani abu, ku ajiye wayar nan ku saurara tun suna nan.